Babur Mai Harbi In An Saki Totur

Jama'a, makon nan za mu ɗan ajiye maganar taki da iri, mu duba abin hawan da ke kai su gona. Wani manomi daga Gayam, a ƙasar Birnin Gwari, ya aiko mana da tambaya. Ya ce babur ɗinsa Boxer ne, yana tashi lafiya, yana ja lafiya, amma da ya kama gangara ya saki totur sai salansa ta shiga tau, tau, tau, kamar ana sakin bindiga. Ya ce ran nan da almuru ya taso daga gona da buhun masara a baya, yana gangarowa bakin gari babur ya yi harbin nan. Matan da ke sussuka suka watse, yara suka faɗa cikin karan dawa, maza suka fito da sanduna kafin a gane shi ne. Yana so ya san abin da ke kawo wannan, da kuma ko zai ɓata masa inji.

To, wannan tambaya ba ta wasa ba ce. Gayam tana kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, ƙasar kuwa ta daji ce, a nan gandun Kamuku ya ke. Kowa ya san abin da mutanen wurin suka gani a hannun 'yan bindiga, waɗanda bisa babura su ke zuwa. Sabo da haka ne a ƙarshen Satumba na 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta hana hawan babur har wata 3, a shekarar kuma ta hana sayar da fetur a jarka a Birnin Gwari da waɗansu ƙananan hukumomi. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka sake buɗe kasuwar shanu bayan ta yi shekaru a rufe. Amma wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. A irin wannan wuri babur mai harbi yana iya jawo wa mai shi abin da ya fi ɓacin inji.

Abin da za mu faɗa a taƙaice shi ne: harbin nan mafi yawa alama ce ta cewa iska ta yi wa inji yawa, ko fetur ya yi masa kaɗan. Galibi kuwa gyaransa ba shi da tsada, in an bi abin daki-daki.

YADDA HARBIN KE FARUWA

Injin Boxer, da na TVS, da Haojue, duk aiki huɗu fistan ke yi a cikinsu. Ya sauka ya shaƙo iska da fetur. Ya hau ya matse su. Fulogi ya ba da wuta su fashe su turo shi ƙasa. Ya sake hawa ya kori hayaƙi zuwa salansa. Akwai ƙyamare biyu a kan inji, su a ke kira bawul, ɗaya na shiga, ɗaya na fita.

Kafireto shi ne mai dama iska da fetur kafin su shiga. Damu mai kyau, in an auna da nauyi, kusan kashi 15 ne na iska, kashi 1 na fetur. Ku ɗauke shi kamar kunu. In fetur ya yi yawa, damu ya yi kauri. In iska ta yi yawa, ya tsinke.

Sa'ad da ka saki totur a gangara, ka rufe babbar ƙofar kafireto ke nan, amma inji bai daina gudu ba, gama ƙafar baya ce ke juya shi. Yana ta zuƙa, ba abin da ya ke samu sai ɗan abin da ke bi ta wata ƙanƙanuwar kafa, wadda a ke kira jet ɗin silo. In damun nan ya tsinke ƙwarai, wutar fulogi ba ta kama shi ko wane zagaye. Wanda bai ƙone ba sai fistan ya tura shi ɗanye cikin salansa. Salansa kuwa da zafi. Ya taru, ya sami iska, hayaƙi mai wuta ya biyo baya, sai ya kama a can. Ƙarar da ka ke ji ke nan. Watau fetur ne ya ƙi ƙonewa a inda ya kamata, ya je ya ƙone a waje.

KA FARA DA KUNNE

Kafin ka taɓa sifana, ka tabbata wane irin harbi ne, domin iri uku ne, ko wane da maganinsa.

Na ɗaya, ƙananan ƙara a jere daga salansa in an saki totur. Shi ne na mai tambayarmu.

Na biyu, atishawa ta wajen kafireto in an murɗa totur, babur ya yi kamar zai mutu. Wannan ya fi nuna ƙarancin fetur mai tsanani, ko bawul na shiga ba ya rufewa sosai, ko wuta na zuwa ba a kan lokaci ba.

Na uku, ƙara guda mai ƙarfi kamar ta bindigar toka. Wannan ya kan zo in wuta ta yanke ta dawo. Da yawa daga cikinku ku kan kashe makulli a gangara don tattalin mai, alhali babur na cikin giya. To, inji yana ta zuƙo fetur yana cika salansa da shi. Da an kunna makulli sai duk ya tashi gaba ɗaya, har ya kan tsaga salansa. Maganin wannan a hannunka ya ke: ka bar kashe makulli babur na tafiya. In kuwa ba ka kashewa amma yana yi, to, waya ce ta saki, ko makullin kansa ya ci.

Ka kuma tuna yaushe abin ya soma. Bayan an kwance salansa ne? Bayan an wanke kafireto? Bayan ka sayi mai a bakin hanya? Bayan ka faɗi a laka? Amsar wannan ita ce rabin gyara.

NA FARKO, BAKIN SALANSA

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inda salansa ta haɗu da kan inji akwai noti biyu, da wani zobe a ciki mai toshe tsakani, shi makanikai ke kira gaskit. Hanyar gona mai gargada ta kan sassauta notin, zoben kuma ya kan ƙone. Hayaƙi ba a miƙe ya ke fita ba, bugu-bugu ya ke yi, tsakanin bugu da bugu kuwa salansa ta kan zuƙo iska ta ko wace kafa. Iskar nan ita ke hura wutar.

Ga yadda za ka gane. Ka duba wurin da rana, in ka ga baƙin tozali ya fito gefen haɗin, akwai kafa. Da safe inji na sanyi ka ta da shi, ka kawo bayan hannunka kusa da wurin ba tare da ka taɓa ba, za ka ji iska na bugunka. Ko kuwa wani ya danne bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci kaɗan, kai kuma ka saurara, inda ke yoyo zai yi tsaki. A fili za a yi wannan, ba cikin zaure ko shago a rufe ba, domin hayaƙin inji yana kisa ba tare da an ji warinsa ba.

In noti ne, ka ɗaure su kaɗan-kaɗan, wannan sa'an nan wancan, kada ka danne ɗaya ka bar ɗaya, kada kuma ka yi musu ƙarfin tuwo, gama in ƙusar ta karye cikin kan inji aiki ya zama babba. In zobe ne, a sa sabo. Ko yaushe aka kwance salansa, sabon zobe ya kamata a mayar.

Ka bi jikin salansa har ƙarshe. In ta huje a ƙasa inda ta ke bugun dutse da kututture, a kai wa mai walda. Samarin da ke fasa cikin salansa don babur ya yi ruri, su sani sun cire abin da ke haɗiye ƙarar ne, sun kuma buɗe wa iska hanya. Har wa yau, hujajjiyar salansa ta kan zubar da tartsatsi. Da kaka, ga busasshiyar ciyawa, ga tarin kara, ga masussuka, tartsatsi guda ya isa ya cinye noman shekara.

NA BIYU, GWAJIN COK

In salansa lafiya ta ke, sai a tambayi inji ko yunwa ya ke ji. Cok aikinsa ƙara wa damu kauri. Ka bari inji ya yi zafi, ka sami gangarar da ka san ya kan yi harbi a kanta, ba kaya, ba fasinja. Ka ja cok kamar rabi, ka saki totur. In harbin ya ragu ko ya ɗauke, ka sami amsa: damu ya tsinke. In ya ƙaru, ko inji ya shaƙe, to, ba ƙarancin fetur ba ne. Da ka gama gwaji ka mai da cok wurinsa. Ba magani ba ne, tafiya da shi a jawo ɓarnar mai ce.

Sa'an nan ka bari inji ya huce, ka kwance fulogi ka dubi bakinsa. In ya yi launin ƙasa-ƙasa kamar soyayyar gyaɗa, damu daidai ne. In ya yi fari fat kamar alli, fetur ya yi kaɗan, inji kuma yana zafi fiye da kima. In ya yi baƙi ƙirin da busasshen tozali, fetur ya yi yawa, shi ma ya kan kawo harbi, amma da baƙin hayaƙi da warin mai. In baƙin da maiƙo ne, baƙin mai ke hawa, wannan maganar zoben fistan ce, sai makaniki. Tazarar bakin fulogi a yawancin ƙananan babura tsakanin 0.6 da 0.8 na milimita ce. Fulogin da bakinsa ya cinye, ko hularsa ta tsage, a canja shi.

NA UKU, INDA ƁARAUNIYAR ISKA KE SHIGA

Tsakanin kafireto da inji akwai ɗan gajeren wuya, a waɗansu babura roba ce, a waɗansu ƙarfe ne da zoben roba. Rana da zafin inji su kan busar da robar ta tsattsage. Iskar da ta shiga ta nan ba ta bi ta kafireto ba, sabo da haka ba ta ɗauko fetur ba. Alamarta ita ce, in ka murɗa totur ka saki, inji ya kan daɗe yana gudu kafin ya sauko, silo kuma ba ya tsayawa wuri guda. Inji na silo, ka shafa giris mai kauri bisa inda ka ke zato. In muryarsa ta sake, ka kama ɓarawo. Kada ka gwada da watsa fetur bisa inji mai zafi. Giris kuwa na gwaji ne, sabuwar roba ita ce gyara.

Ka buɗe akwatin matatar iska, watau filta. Waɗansu in ta toshe sai su cire ta su jefar, wai don babur ya ƙara gudu. Kuskure ne babba. Iska ta yi yawa, ƙura kuma ta shiga ta riƙa cin fistan kamar dutsen wasa. In ta soso ce, a wanke ta da kananzir, a matse, ta bushe, a ɗan shafa mata baƙin mai. In ta takarda ce, ba a wanke ta, sai a kakkaɓe ko a canja. Da hunturu a riƙa duba ta ko wane mako. Ku lura kuma, iskar sanyin Disamba da Janairu ta fi ta bazara nauyi, sabo da haka babur da damunsa ke bakin gaɓa ya fi yin harbi da sassafe a lokacin.

NA HUƊU, MAI DA KAFIRETO

Kafar jet ɗin silo ba ta fi tsinin allura ba, ƙwayar ƙasa guda ta isa ta toshe ta. Wanda ke nesa da gidan mai tilas ya sayi na kwalba ko na jarka, wani da laka, wani da ruwa, wani an gauraya shi da kananzir. Ko na gidan mai ba kullum ya ke tsira ba, kun tuna a watan Fabrairu na 2022 hukuma da kanta ta ba da sanarwa cewa an shigo da gurɓataccen fetur ƙasar nan. Ka riƙa tace mai da tsabtataccen ƙyalle kafin ya shiga tanki.

A gindin kafireto akwai ɗan kwano mai sukuru a ƙasa. Ka rufe famfon mai, ka kwance sukurun, ka tari abin da ya fito cikin farar kwalba. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi ya kwanta a ƙasa. Ka buɗe famfon ka ga ko mai na zuba sosai. In ɗigo ya ke yi, ragar famfo ta toshe, ko 'yar kafar da ke murfin tanki. In za a wanke jet, a hura shi da iska, a ɗaga shi wajen haske a ga rana ta ciki. Kada a sa allura ko wayar ƙarfe, gama jet na farin tagulla ne mai taushi, in kafar ta buɗe ba ta komawa.

MAGANAR RAGE SHAN MAI

Ga inda mu ke zaton yawancin harbin ya samo asali. Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin fetur. Lita da ke ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 kuwa ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Ba laifin mai babur ba ne in ya je wa makaniki ya ce a rage masa shan mai. Makaniki kuwa abu biyu ya kan yi: ya murɗa sukurun damu, ko ya sauke allurar kafireto.

Sukurun damu iri biyu ne. In yana gefen filta, na iska ne, kwance shi ke tsinka damu. In yana gefen inji, na fetur ne, ɗaure shi ke tsinka damu. Wanda bai san wannan ba sai ya yi ta juyi a baibai. Kafin a taɓa shi, a ɗaure shi a hankali har ya tsaya, ana ƙirga juyi, a rubuta, don a san inda aka taso. Kada a matse, tsininsa ya kan lalace. A yawancin ƙananan babura mazauninsa tsakanin juyi ɗaya da rabi ne zuwa biyu da rabi. Inji na da zafi a ke gyara shi, kwata-kwatan juyi, ana saurare, har a sami inda silo ya fi ƙarfi da daidaito, sa'an nan a sauke silo da nasa sukurun.

Abin lura shi ne, sukurun nan silo da farkon totur kaɗai ya ke mulki. Man da ka ke tsimi da shi bai taka kara ya karya ba. Allura ita ce mai mulkin tsakiyar totur, inda ka ke yawan tafiya. In an sauke ta ainun, lalle mai zai ɗan ragu, amma inji zai riƙa zafi, iska kaɗai kuwa ke sanyaya shi. Ga buhu biyu a baya, ga yashi, ga rana. Ƙarshenta bawul na fita ya ƙone, ko fistan ya kama. Garin neman gira an rasa ido ke nan, wataƙila ma a tsakiyar daji da yamma. Mai son tsimin mai na gaskiya ya cika iskar taya, ya sa wa sarƙa mai, ya tsabtace filta, ya duba kada birki na kamawa, ya rage gudu.

NA ƘARSHE, BAWUL DA WUTA

In duk an bi waɗannan harbi bai tafi ba, saura aikin makaniki. Tsakanin bawul da abin da ke danna shi akwai 'yar tazara, ita a ke nufi in an ce gyaran tafet. A ƙananan injuna ba ta wuce 0.05 zuwa 0.10 na milimita, watau kamar kaurin takardar jaridar nan. In tazarar ta ɓace, bawul na fita ba ya rufewa sosai in inji ya yi zafi, ɗanyen damu na zurarewa salansa, bakin bawul kuma na ƙonewa. Alamarsa, kik ya yi laushi a ƙafa, babur na wuyar tashi, ƙarfi ya ragu a hawa. Inji na sanyi a ke aunawa, da ma'aunin ƙarfe, ba da ido ba. Bayan wannan a duba koyil da wayoyin wuta.

Waɗansu sababbin babura an yi musu wata 'yar hanya da ke tura iska cikin salansa da gangan, don ta ƙone ragowar mai, hayaƙi ya ragu. Irin waɗannan su kan ɗan yi guna-guni a gangara ko suna lafiya. Waɗansu kafiretoci kuma suna da 'yar fatar roba a gefe mai ƙara kaurin damu in an saki totur. In ta huje, harbi zai soma. Ka ce wa makaniki ya duba ko naka na da ita.

To, mai tambaya, ga amsarka. Ƙaramin harbi a gangara shi kaɗai ba ya fasa inji. Abin tsoro shi ne abin da ya ke nunawa. In ya zo tare da farin fulogi, ko zafi mai yawa, ko raguwar ƙarfi, kada ka sake ɗora masa buhu sai an gyara. Ka bi su yadda muka jera: salansa, cok da fulogi, roba da filta, mai da jet, sukuru da allura, sa'an nan bawul. Makanikin da ya ce a sauke inji tun bai duba noti biyun bakin salansa ba, ka nemi wani.

Kafin ka sami gyara, in za ka shiga gari ka rage gudu tun daga nesa, ka sauke totur a hankali, kada ka sake shi gaba ɗaya, harbin zai ragu. Amma kada ka riƙe kuloci a doguwar gangara da kaya don gudun ƙara, domin inji na taimakon birki. Ka kuma gaya wa maƙwabta da masu tsaron gari cewa babur ɗinka na da wannan ciwo, ka yi ƙoƙari ka dawo gida da sauran rana. Masu injin ban ruwa a fadama, ku ma maganar filta da tace mai ta shafe ku.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan ajiyar masara da maganin ƙwari a rumbu. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa a ci amfanin gona cikin kwanciyar rai, amin.